Wa Zai Shaidi Kan Sarki?

Majalisarmu ta bayan la'asar a Badariya ba wurin zancen kan sarki ba ce. Abin da muka saba taunawa shi ne farashin shinkafa, da ruwan da ya ci fadama, da ɗan siyasar da ya sauya sheƙa a makon nan. Yaran da ke zama a gefen tabarmar kuwa, da yawansu ba su taɓa lasar bayan kan sarki sun manna a ambulan ba, gidan waya ma sai dai su wuce ta gabansa. Shi ya sa ranar da ɗan maƙwabcinmu ya miƙo wayarsa ya ce mu duba masa wani kan sarki da yake so ya saya ta intanet, dariya muka fara yi. Da ya faɗi kuɗin, aka daina dariyar. Kuɗin shinkafar raninsa ne, kusan duka.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifinsa ya rasu bara, ya bar wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin wasiƙu. Yaron ya shiga bincike a waya ko kan sarkin da ke jikinsu na da wata daraja, sai binciken ya kai shi ga wani labari dabam, labarin da mu kanmu ba mu sani ba sai ranar. A watan Afrilu na 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, gwamnatin Lugga da ke Zungeru ta fitar da kan sarki na fam 25, kore da ja, ɗauke da kan Sarki Edward na Bakwai da sunan Nijeriya ta Arewa. Babu wasiƙar da aika ta zai ci fam 25 a wancan zamani. An yi shi ne don biyan kuɗin lasin shigo da giya, kuma kaɗan ne suka rage a duniya. Yau shi ne kan sarki mafi tsada a tarihin Nijeriya, a gidajen gwanjo na Ingila ana maganar dubun-dubatar fam a kansa. Wani daga cikinmu ya ce ikon Allah, ƙasar Shehu, kuma takardarta mafi daraja ta giya ce. Wannan zance ne na wata rana.

Shi dai yaron ya ga wani yana tallar irinsa a wani shafin saye da sayarwa, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ba. Hoton ya fito fes. Mai tallar ya rubuta cewa a kayan kakansa ya tsinta, bai san komai a kai ba, kuma babu takardar shaida. Dattijon majalisar ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Kai yaro, mi za ka saye a nan, takarda ko hoto?" Yaron ya ce, "Baba, ai gani ya kori ji." Tun daga nan muke ta juya maganar.

Karin maganar gaskiya ce a inda ido ya san abin da yake nema. Manomi ya damƙi shinkafa a kasuwa ya san ta bushe ko da saura, mahauci ya dubi sa ya faɗi abin da zai bayar. Amma a sa wa yaron nan kan sarkin a tafin hannunsa, a ba shi yini guda yana kallo, ba zai ƙaru da komai ba. Mu ma haka. Kamfanin De La Rue da ke buga wa Ingila kan sarkin ƙasashen da take mulka yana amfani da zane ɗaya ne na kan Sarkin, sai a sauya sunan ƙasa a sama da kuɗi a ƙasa. Ke nan tsakanin na kwabo da na fam 25 abin da ya raba su ɗan gurbi ne da launi. Mai gwanintar hannu zai iya goge kuɗin ya buga wani. Zai iya wanke alamar soke da aka yi wa tsohon kan sarki ya sake shafa masa danƙo ya koma kamar sabo. Zai iya gyara haƙoran gefen da suka guntule. Masu gane waɗannan suna duba tambarin da ke cikin jikin takardar, wanda ba ya fitowa a hoto, suna ƙirga haƙora, suna haska tawadar da fitila ta musamman, suna ajiye shi kusa da wani da aka tabbatar na gaske ne. Wanda bai da na gaske a hannu ba shi da abin gwadawa. A irin wannan kaya gani ba ya korar ji, sai ma ya jawo ruɗi, don ido na gamsar da mai shi alhali bai san komai ba.

Masu wannan sha'awa sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar masu tara kan sarki ta Landan, Royal Philatelic Society, wadda aka kafa a 1869, ta naɗa kwamitin ƙwararru tun 1894. Ka aika musu kayanka, su bincika, su ba ka takarda mai lamba da kwanan wata, da hoton kan sarkin manne a jiki, da abin da suka gani: na gaske ne, ko na gaske ne amma an yi masa gyara, ko jabu ne. Akwai irin wannan kwamiti a Amurka da Jamus da wasu ƙasashe. Kan sarki mai tsada da ke tafe da wannan takarda ana sayensa daga nesa ba tare da an taɓa shi ba. Irinsa sak da ba shi da ita, masu kuɗin gaske ba sa ko tayawa.

A nan ne dattijon ya kafa tarkonsa. Ya ce to ashe takarda ce ke tsare takarda. Kan sarkin ba ya cin wasiƙa, ba a ci, ba a sha, darajarsa tana bakin mutane ne kawai. Shaidar kuma ita ma bakin mutane ce da aka rubuta. Ya ce in haka ne, mai saye da shaida da mai saye babu shaida duk makafi ne, sai dai ɗaya ya biya ɗan jagora.

Ba za mu raina wannan magana ba, domin tarihi ya ba ta hujja. Akwai wani mutum haifaffen Italiya da ya zauna a Faransa, Jean de Sperati, wanda ya shafe rayuwarsa yana ƙera kan sarki na jabu. Dabararsa ita ce ya sayi na gaske mai arha, ya wanke zanen da magani, ya bar takardar da tambarinta da hatimin gidan waya, sannan ya buga zanen mai tsada a kai. A 1942, lokacin yaƙin duniya, ma'aikatan kwastan na Faransa suka kama wani ƙunshi da ya aika Lisbon, aka tuhume shi da fitar da dukiya daga ƙasa ba da izini ba. Ya ce ba dukiya ba ce, aikin hannunsa ne. Kotu ta nemi ra'ayin Edmond Locard, mashahurin mai binciken laifuka na birnin Lyon, shi kuwa ya rubuta cewa duk na gaske ne. Sai ga mai laifi yana fafutukar tabbatar wa alƙali cewa kayansa jabu ne, ƙwararre na musa masa. Har wani kundi Sperati yake da shi na jabunsa da masana suka sa wa hannu a kan na gaske ne. A farkon shekarun 1950 ƙungiyar dillalan kan sarki ta Ingila ta ga babu mafita sai ta saye kayan aikinsa da abin da ya rage a hannunsa don ya daina. Ya mutu a 1957, kuma yau jabun nasa ma ana sayensa da tsada, har akwai masu neman shaidar cewa jabun na Sperati ne na ainihi.

To ƙwararre na kuskure. Su kansu kwamitocin ba su ɓoye ba, abin da suke rubutawa a takardar ra'ayi suke kiransa, ba rantsuwa ba. Amma a ganinmu dattijon ya tsallake wani abu. Makahon da ya riƙe ɗan jagora da wanda ya shiga titi shi kaɗai ba ɗaya ba ne, ko da jagoran na tuntuɓe wani lokaci. Tambayar da ta dace ita ce wane irin jagora, kuma me zai same shi in ya jefa ka rami.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A je kara ranar kasuwa, a Jega ko a Ambursa. Baƙo ya kawo sa, mai saye bai san shi ba, bai san ko na sata ne ba. Abin da ke sa ya zaro kuɗi shi ne dillalin da ya tsaya a tsakani. Dillalin ba waliyyi ba ne, kowa ya san da la'adarsa. Ƙarfin maganarsa yana cikin abu biyu: an san gidansa, kuma mako mai zuwa zai dawo wannan kasuwa yana neman a sake yarda da shi. In san ya zama na sata, shi za a fara kamawa. Ya jingine sunansa, kuma sunan ne jarinsa. Kwamitin Landan ma haka yake, shekara fiye da ɗari yana sa hannu, kowace takarda da lambarta a ajiye, kuma in ya yi kuskure akwai inda za a koma a nuna masa. Ya ma fi dillali da abu ɗaya, shi ba ya saye ba ya sayarwa, kuma ana biyansa kuɗin dubawa ko da ya ce jabu ne. Ba mu ce babu ƙura ko kaɗan ba, don wasu kwamitocin kuɗin da suke karɓa na ƙaruwa da darajar kayan in ya tabbata na gaske. Amma wanda zai sayar da sunan shekara ɗari saboda la'adar rana ɗaya bai iya lissafi ba.

Malaman fiƙihu sun riga mu zuwa nan. Sun hana cinikin da ba a san abin da ake saye ba, misalin da suka fi bayarwa shi ne kifi a cikin ruwa, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Ko a Matan Fada ranar bikin Argungu, sai an fito da giwan ruwa an ɗora a sikeli kafin a ce wane ya ci. Duk da haka Malikiyya ba su rufe ƙofar sayen abin da ba ya gabanka ba. Risala ta halatta sayar da shi a kan siffa, ta kuma hana a shardanta biyan kuɗi tun kafin ya iso, sai in yana kusa ko kuwa irin abin da ba ya sauyawa ne kamar gida ko fili. Masu sharhi daga baya suka ƙara da cewa in za a biya tun da wuri, to siffar ta fito daga bakin wani, ba mai kayan ba. A duba wannan da kyau. Mutanen da ba su san intanet ba sun gane cewa hoton da mai kaya ya ɗauka da hannunsa maganar mai kaya ce, ba shaida ba. Manyan gidajen gwanjo na kan sarki ma a nan suka tsaya, suna ba mai saye damar ya aika abin da ya saya wurin kwamiti, in aka ce jabu ne a mayar masa da kuɗinsa.

Akwai wani kan sarki da ya fi kowanne suna a duniya, na ƙasar Guyana lokacin tana hannun Ingila, wanda aka buga a 1856, kuma ƙwaya ɗaya tak aka sani. Fuskarsa ta dushe, an yanke kusurwoyinsa, in ka gan shi a ƙasa ba za ka sunkuya ba. An sayar da shi dala miliyan 9.48 a 2014, sannan dala miliyan 8.3 a 2021. Abin da ya ja hankalinmu bayansa ne. Da yawa daga waɗanda suka mallake shi sun bar alamarsu a nan, wani hatimi, wani haruffan sunansa, wani ma, mai kamfanin takalma, ya zana takalmin mata. An san hannun da ya fito da hannun da ya shiga tun daga 1873. Da wani ya fito da na biyu a 1999, kwamitin Landan ya duba ya ce wani kan sarki ne mai kama da shi aka sauya wa kuɗi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san sunan wannan abu: isnadi. Masu tace hadisi ba su tsaya ga daɗin lafazi ba, sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, yaya ƙwaƙwalwarsa, an taɓa kama shi da ƙarya. Suka rubuta littattafai a kan mutane kawai. Alƙali ma ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai an kawo mai tsarkake shi. Ba mu haɗa darajar hadisi da ta guntun takarda ba, Allah ya kiyaye. Muna cewa ne hanyar ɗaya ce, abin da ba ka iya gani da kanka ba, sai ka binciki wanda ya gani.

Inda muka fi jin ciwo shi ne yadda muka karɓi takardar muka yar da mutumin. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai zauna aji ba, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024. Masu maganin jabu kuwa sun daɗe da koyon buga lambar NAFDAC a kwalinsu. Takarda mai hatimi ta zama laya a wurinmu, a nuna ta a wuce, ba mai ɗaga waya ya tambayi wanda aka ce ya sa hannu. A kasuwar kan sarki ma ana ƙera shaidar jabu, ko a ɗauki ta gaske a haɗa ta da wani kan sarkin dabam. Shi ya sa masu hankalinsu ba sa tsayawa ga hoton takardar, sai sun gwada haƙoran da ke hotonta da na kayan da aka kawo ɗaya bayan ɗaya, sun kuma koma wurin kwamitin da lambar. Da mai tallar nan ya ɗora wa yaron hoton wata takarda mai tambarin kambi da sa hannun Bature, da mun ce masa ya saya? Mun tambayi kanmu wannan, kuma ba dukanmu ne muka iya cewa a'a da gaba gaɗi ba.

Sai dai akwai ɓangaren da ba mu so mu taɓa ba ranar, don yaron maraya ne kuma muna jin nauyinsa. Malamin makarantar da ke zama tare da mu ne ya taɓo shi. Ya ce, "Ɗana, a ce na gasken ne. Mutum ya ce maka bai san abin da ke hannunsa ba, kai ka sani, za ka ba shi kuɗin buhu kaɗan ka karɓi abin da ya fi gida. Yaya sunan wannan?" Aka yi tsit. Duk tsoronmu a kan kada a cuce shi ne, ba wanda ya lura cewa cinikin ba shi da fuska mai kyau ko ɗaya. In jabu ne an cuce shi, in na gaske ne shi ya cuci wani. Ɗan damfara ya san wannan sarai, shi ya sa yake shiga rigar wawa. Labarin kaka da akwati ba don a tausaya masa yake ba da shi ba, don ka ji kai ne mai wayo ne, kuma wanda ke jin yana shirin yin riba da jahilcin wani ba ya son a kira shaida, tsoro yake kada shaidar ta farkar da mai kaya.

Wannan ma tsohon zance ne. An hana tarbar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi, kuma dalilin a fili yake. Kan sarkin nan na Guyana, yaro ɗan shekara 12 ne ya tsince shi a cikin takardun kawunsa a 1873, ya sayar a kan sule shida. Ana ba da labarin kamar abin dariya. Wanda ya saya daga hannunsa ma bai san inda abin zai kai ba, don haka ba ma ɗora masa laifi, amma mun san a garuruwanmu akwai masu bin gidaje suna tambayar tsofaffin littattafan hannu da takubba da kuɗin da, su kuwa sun san abin da suke nema, magada ne ba su sani ba. Mun saba ɗaukar ƙwararre a matsayin garkuwar mai saye. Mun manta cewa tsohuwar da ke da kundin mijinta a ƙarƙashin gado ta fi kowa buƙatarsa, kuma ita ce ba ta da hanyar kai wa gare shi. Babu kwamiti a Birnin Kebbi, kuɗin aikawa Landan da kuɗin dubawa kuwa sun fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Shaida na kare wanda ke iya biyanta, kuma wannan gibi ne da ba mu da amsarsa.

Yaron bai ce ya haƙura ba. Abin da ya yarda ya yi shi ne ya rubuta wa mai tallar cewa zai saya in za a aika kayan wurin kwamiti tukuna, shi zai biya kuɗin dubawa, in ya tabbata na gaske kuma a sake zama a kan farashi. Malamin ne ya sa shi ƙara wannan na ƙarshen, yana rubutawa yana ɓata rai. Amsa ta zo kafin magariba: akwai wani mai saye da ke jira, in yana so ya tura kuɗi a daren nan. Dattijon ya ce shi ke nan an gama. Yaron ya ce mai yiwuwa mutumin na cikin matsi ne. Muka bar shi da wannan, don ba mu da hujjar da za ta ƙaryata shi.

Kwana biyu bayan haka ya zo da akwatin mahaifinsa, wai mu taya shi duba ko akwai wani abu. Babu na fam 25, babu ma na zamanin Turawa. Yawanci na kwabo biyar da kwabo goma ne daga jerin da aka fitar a 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, irin waɗanda aka buga da yawa har ba su da wani kuɗi a kasuwa. A kan wata ambulan mai rajista muka ga na kwabo 30, mai hoton masunta a bikin Argungu da goruna da homa. Hatimin gidan wayar Kaduna ne a kai, ya ɗan zame ya ci gefen ambulan. Mahaifin ne ya aiko wa tasa mahaifiyar lokacin yana aiki a masaƙa. Dattijon ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya ce wannan rubutun ya san shi, benci ɗaya suka zauna a firamare, kuma marigayin bai taɓa iya rufe cikin harafin "a" ba. Yaron ya karɓi ambulan ya duba, ya ga kowane "a" a buɗe yake ta sama. Ya mayar da ita cikin akwatin, ya sa a ƙasan sauran. Tallar kuwa har jiya tana nan a shafin, an ma rage kuɗin.